Mujiya a Keji: Yadda Take Haihuwa da Reno, da Inda Ikon Mai Kiwo Ya Tsaya

A gefen garin Langley, cikin lardin British Columbia da ke yammacin Kanada, akwai wani fili mai bishiyoyi da aka killace, ba a barin kowa ya kutsa yadda ya ga dama. An gina manyan ɗakuna na raga a cikinsa, wasu har da bishiyoyi tsaye a tsakiya. A nan ne kusan duk abin da ya rage wa Kanada na wata irin mujiya yake zaune: mujiya mai launin ƙasa-ƙasa da fararen ɗigo-ɗigo, mai baƙaƙen idanu, wadda ba ta zama sai a tsohon kurmi inda bishiyoyi suka shekara ɗaruruwa a tsaye. An ƙiyasta cewa kafin kamfanonin katako su shiga dazukan lardin akwai aure kusan 500 na wannan tsuntsuwa, wato mata 500 da maza 500. Zuwa shekarar 2022, wadda aka san tana raye a daji guda ɗaya ce tak, mace.

An buɗe wurin kiwon a 2007, tsakon farko ya fito daga ƙwai a 2008, amma sai da aka shekara 15 kafin a samu waɗanda za a kai daji a saka. Wanda ya ji haka zai ce, tsuntsu ne fa. Ga abinci kullum, ga inuwa, ga likita, babu maharbi. Me ya hana su yaɗuwa? Amsar tana cikin halin mujiya kanta, kuma wanda ya bi yadda take aure da kwanci da reno zai ga cewa aikin ya fi ƙarfin hatsi da ruwa.

Matsalar farko ita ce aure. Mujiya tana da zaɓe. Ana iya haɗa mace da namiji lafiyayyu a ɗaki guda su shekara biyu ko uku, kowa na kan reshensa, babu mai kula wani. A mafi yawan ire-iren mujiya, waɗanda sun haura 200 a duniya, mace ta fi namiji girma da nauyi, don haka idan ba ta yi na'am da shi ba, ɗakin yakan zame masa wurin tsoro. Mai kiwo kuwa yana da nasa lissafin: idan tsuntsayen da ke hannunsa 'yan kaɗan ne, dole ya guji haɗa 'yan uwa na jini, don kada zuriyar ta raunana. Sai ya zamana wanda takarda ta ce ya dace, mujiya ta ce ba ta so.

Wata 'yar Kanada mai suna Katherine McKeever, wadda ta rasu a 2019, tana cikin waɗanda suka fara gane bakin zaren. Ta shafe shekaru gommai tana jinyar mujiyoyin da mota ta buge ko waya ta karya wa fiffike a gidanta da ke Vineland, cikin lardin Ontario, kuma ita da mijinta suka kafa gidauniya don wannan aiki a 1975. Da yawa daga cikin tsuntsayen ba za su ƙara tashi sama yadda ya kamata ba, balle su koma daji. Abin da ta yi shi ne ta haɗa ɗakunansu da 'yan hanyoyi na raga, yadda kowace za ta iya ziyartar maƙwabta, ta kuma iya janyewa idan ba ta so. Da aka ba su wannan dama sai suka fara zaɓar abokan zama da kansu, suka yi ƙwai, suka ƙyanƙyashe. Karayar fiffike ba a gadonta, saboda haka 'ya'yan naƙasassun iyayen nan lafiyayyu suka fito, aka kuma mayar da su daji. A ganina wannan ne darasi mafi girma da aka koya a harkar, kuma daga haƙurin kallo aka same shi.

Idan aure ya ƙullu, alamarsa abinci ce. Namiji yakan kawo ɓera ya miƙa wa mace, ya sake kawowa, har abinci ya taru a gefenta fiye da abin da za ta iya ci. Da wannan take gwada shi, domin makonni masu zuwa rayuwarta da ta 'ya'yanta za su rataya a wuyansa. Da wannan kuma take tara kitsen da za ta yi ƙwai da shi. A daji, shekarar da ɓeraye suka yi ƙaranci, wasu mujiyoyin ba sa yin ƙwai sam. Ita mai ɗigo-ɗigon ma ko da abinci ya wadata ba kowace shekara take haihuwa ba, kuma idan ta yi, ƙwai biyu ne galibi, wani lokaci ɗaya ko uku. Nan jinkirin Langley ya fara bayyana.

Mujiya ba ta saƙa sheƙa. Takan nemi kogon bishiya, ko karyayyen kan tsohon kututture, ko tsagin dutse, ko sheƙar da wani tsuntsu ya bari. Don haka masu kiwo sukan tanadar mata kututture mai rami ko akwatin katako, su zuba ɓawon itace a ciki. Ƙwanta fari ne fat, ya kusa zama kewayayye. Mace kaɗai ke kwanci. Gashin cikinta yakan zube, fatar wurin ta yi laushi, jijiyoyin jini su yawaita, yadda zafin jikinta zai riƙa ratsa ƙwan kai tsaye. Kwana 30 ko ɗan fiye da haka take yi a kai, ba ta tashi sai na 'yan mintoci, namiji na ta jigilar abinci.

Akwai wata dabara a kwancinta da ta cancanci a tsaya a kanta. Yawancin mujiyoyi ba sa jiran ƙwai su cika kafin su fara kwanci. Daga na farko ko na biyu suke hawa. Farar mujiya mai faffaɗar fuska, irin wadda ke zama a rufin tsofaffin gine-gine, takan yi ƙwai huɗu zuwa bakwai, tana sa tazarar kwana biyu ko uku tsakanin kowanne. To, haka za su ƙyanƙyashe bi da bi, har ya zama babban wa ya girmi auta da mako biyu ko fiye. Idan shekara ta yi kyau, kowa zai ƙoshi. Idan abinci ya yanke, manya ne za su rayu, ƙanana su mutu, maimakon yunwa ta kwashe su gaba ɗaya. Abin da ban tausayi, amma shi ya sa irin bai ƙare ba. Sai dai ba kullum ake kokawa a cikin ramin ba. Alexandre Roulin na Jami'ar Lausanne a Suwizalan ya shafe shekaru yana sauraren 'ya'yan farar mujiya, ya gano cewa kafin iyaye su dawo da abinci sukan yi ta kuka a tsakaninsu, wanda ya fi jin yunwa ya fi nacewa, sauran su sassauta su bar masa abin da aka kawo. An kuma ga manyan suna miƙa wa ƙananan abinci da bakinsu.

A keji babu ƙarancin abinci, don haka autan da daji zai cinye yakan rayu. Wannan riba ce ta farko. Ta biyu ita ce dabarar da ake yi a Langley. Idan mace ta yi ƙwai, ma'aikata sukan ɗauke shi su kai injin ƙyanƙyasa, inda ba zai fashe a ƙarƙashin uwar da ba ta ƙware ba. Wani lokaci sukan bar mata ƙwan roba ta ci gaba da kwanci a kansa. Har akwai mai na'ura a ciki da ke auna zafi da yadda uwar ke juya shi, domin a daidaita injin da abin da ita take yi. Wani lokaci kuma sukan bar ramin wayam. Idan ta ga ƙwanta ya ɓace da wuri, takan sake yin wasu, sai a samu zubi biyu a shekara guda maimakon ɗaya.

Aikin injin kansa na masu haƙuri ne. Zafi yana wajen digiri 37 a ma'aunin Salshiyos. Ana juya ƙwan a kai a kai don kada abin da ke ciki ya manne a gefe guda. Ana haska shi da fitila a ɗaki mai duhu a ga jijiyoyi da motsin tsakon. Ana kuma auna nauyinsa, domin ƙwai mai lafiya yakan rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsa kafin ya ƙyanƙyashe, ta hanyar ruwan da ke fita ta ƙananan ƙofofin ɓawo. Idan bai rage isasshe ba, tsakon ba zai samu sararin iskar da zai fara numfashi da ita ba. Idan ya rage fiye da kima, ya bushe a ciki. Da laimar cikin injin ake gyara wannan. Daga lokacin da tsako ya fara huda ɓawo zuwa fitowarsa kan ɗauki kwana biyu ko uku, kuma a waɗannan kwanaki ba a barin injin babu mai gadi, dare da rana.

Tsakon mujiya yakan fito idanu a rufe, da ɗan farin gashi mai laushi, ba ya iya ɗaga kansa sosai. Ana yanka naman ɓera ƙanana-ƙanana a ba shi da hantsaki, ana taɓa gefen bakinsa kamar yadda uwa take yi, ana auna shi kullum. Amma a Langley ba a wuce kimanin kwana 10 ana wannan. Da ya yi ƙwari sai a ɗauke shi a kai ramin mujiyar da ke kwance kan ƙwan roba, a zare robar a ajiye shi. Ba lallai ta zama ita ta haife shi ba. Duk wanda ya taɓa sa wa kaza ƙwan zabi ya san yadda abin yake: uwar da ke cikin zafin kwanci, abin da ta tarar a ƙarƙashinta nata ne. Sai ta sunkuya ta rufe shi da fiffike, namiji ya kawo ɓera, ta yayyaga ta fara ba shi.

Me ya sa ake gaggawar rabuwa da shi, alhali a hannun mutum ya fi samun kulawa? Saboda idanunsa sun fara buɗewa. Ɗan tsuntsu yana da 'yan kwanaki a farkon rayuwarsa da yake tantance ko shi wane ne, kuma daga fuskar mai ciyar da shi yake ɗaukar amsa. Konrad Lorenz, masanin ƙasar Austriya da ya samu kyautar Nobel a 1973, ya nuna haka da 'ya'yan dinya waɗanda suka riƙa bin sa a baya kamar uwarsu. Mujiyar da ta buɗe ido ta ga mutum, ta girma a hannun mutum, takan ɗauki kanta mutum har ta mutu. Ba ta tsoron mutane, takan bi su tana kukan neman abinci, idan ta balaga kuma mutum take nema da aure, ta yi biris da 'yan uwanta. Ba a warkar da wannan. Irin wannan tsuntsuwa ba ta sakuwa a daji, kuma da wuya ta haihu a keji. Shi ya sa a wuraren jinya, idan dole ta sa mutum ya ciyar da tsako, yakan rufe fuskarsa, ya yi shiru, wani lokaci ya miƙa abincin ta bakin mujiyar roba.

Mafi alheri dai a samu mujiya ta gaske. A wata cibiyar jinyar namun daji a jihar Virginia ta Amurka an kawo wani namijin mujiya mai ƙaho a 2001 da rauni a fiffike. Ya warke, amma tashinsa ya daina zama shiru, kuma mujiyar da ɓera ke jin tahowarta ba za ta ci abinci a daji ba. Sai aka bar shi a cibiyar, aka sa masa suna Papa G'Ho, aka riƙa kawo masa marayun da suka faɗo daga bishiya. Ya reni gommai. Bai san mutane da fara'a ba, kuma wannan ne amfaninsa: 'ya'yan da suka tashi a gabansa sun koyi buɗe fiffike da ƙas-ƙas da baki idan mutum ya matso.

Sai batun ci. Kuskuren da ya fi kashe 'ya'yan mujiya a hannun masu kyakkyawar niyya shi ne tsokar nama zalla. Mujiya ɗungum take haɗiye abin da ta kama, da gashi da ƙashi da kayan ciki, bayan sa'o'i ta amayar da dunƙulen abin da bai narke ba. Daga ƙashin take samun sinadarin kalsiyam. Tsakon da aka ciyar da naman shanu ko tsokar kaza kaɗai, ƙasusuwansa sukan yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe, fiffike ya karye da kansa cikin 'yan makonni. Saboda haka duk wurin kiwon mujiya na gaske wurin kiwon ɓeraye ne kuma. A Langley akwai gini sukutum da aka ware don wannan, kuma wani babban kaso na aikin yau da kullum shara ce da ciyar da ɓeraye.

Girman tsakon yana da sauri. Na farar mujiya, wajen mako shida, yakan fi iyayensa nauyi, sannan ya saɓe yayin da gashin tashi ke fitowa, ya fara tashi a mako na takwas ko na tara. 'Ya'yan mujiyoyin kurmi kuwa sukan bar rami tun ba su iya tashi ba, su riƙa hawa rassa da farce da baki, iyaye na biye da su da abinci har tsawon watanni. Farauta tana cikin jininsu, ba sai an koya musu ba, amma ƙwarewa sai da maimaici. Don haka kafin a saki kowace, akan sa ta a babban ɗaki a zuba ɓeraye masu rai, a tabbatar tana kamawa da kanta. Labarin Flaco ya nuna ƙarfin wannan baiwa. Babbar mujiya ce ta Turai da Asiya, namiji, da aka ƙyanƙyashe a keji a 2010, ya kuma yi kusan duk rayuwarsa a gidan namun daji na Central Park a birnin New York. A watan Fabrairun 2023 wani ya yanke ragar ɗakinsa ya fita. An zaci yunwa za ta kashe shi, sai ga shi cikin 'yan kwanaki yana kama ɓeraye. Ya shekara guda yana ciyar da kansa. A Fabrairun 2024 ya mutu bayan ya yi karo da gini, kuma da aka bincika gawarsa an tarar da gubar ɓera iri-iri a jikinsa, da wata cuta da ya ɗauka daga tattabarun da yake ci.

Wannan ya kawo mu ga saki, inda a nan ne ake gane ko wahalar ta biya. Turai tana da misalai da suka yi kyau. A tsakiyar ƙarni na 20 babbar mujiyar nan irin Flaco, mai tukkaye biyu, ta kusa ƙarewa a Jamus, saura aure 'yan gommai, saboda an daɗe ana harbinta ana kwashe 'ya'yanta. Gidajen namun daji da masu sa kai suka haɗa hannu, suka yi ta kiwo suna saki, dubbai, musamman daga shekarun 1970 zuwa na 1990. Da yawa sun mutu a kan tituna da turakun wutar lantarki. Amma an hana harbi, an sa masu gadin wuraren da take ƙwai, daga baya doka ta tilasta wa kamfanonin lantarki gyara turakun da ke kashe tsuntsaye. Yau akwai aure fiye da 2,000 a ƙasar, wasu har a wuraren fasa dutse da hasumiyoyin coci suke haihuwa. A Austriya ma, mujiyar Ural da ta ɓace tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce an fara mayar da ita a 2009, ƙarƙashin jagorancin Richard Zink, a kurmin da ke kewaye da Vienna da kuma yankin Dürrenstein. Iyayensu ne ke renon 'ya'yan a gidajen namun daji, sannan a kai su wani ɗakin raga a tsakiyar kurmin su yi makonni suna sabawa da wurin, a buɗe ƙofa, a ci gaba da ajiye musu abinci har su tsaya da ƙafarsu. An kuma rataya akwatuna a bishiyoyi saboda ƙarancin koguna. A 2011 aka samu haihuwar farko a daji.

Birtaniya ta bi wata hanya ta sha wahala. Ƙidayar 1932 ta nuna farar mujiya aure kusan 12,000 a Ingila da Wales. Ta shekarun 1980 ta nuna ba su kai 4,000 ba. Da yake tana da sauƙin haihuwa a keji, sai mutane masu tausayi suka yi ta kiwo a bayan gida suna saki, dubbai, ba tare da duba ko akwai ciyawar da ɓeraye ke zama ko ramin da za ta yi ƙwai ba. Mafi yawansu ba su daɗe ba. A farkon shekarun 1990 gwamnati ta hana saki sai da lasisi. Abin da ya taimaki tsuntsuwar daga baya shi ne akwatunan da aka kakkafa a gonaki da rumbuna, da barin ciyawa a gefen gona da bakin rafi.

To, ina Langley ta faɗa? A watan Agustan 2022 aka saki maza uku a yankin kwazazzabon kogin Fraser, kusa da inda macen nan ɗaya take, tare da haɗin gwiwar al'ummar Spuzzum, 'yan asalin wurin, waɗanda ke ɗaukar tsuntsuwar da daraja. An ɗaura wa kowanne 'yar na'urar bin sawu. A watan Oktoba aka tsinci ɗaya da rauni kusa da layin dogo, aka mayar da shi wurin kiwo. A watan Mayun 2023 aka tabbatar sauran biyun sun mutu.

Ba na ganin laifin masu kiwon a nan. Mutuwar 'ya'yan mujiya a shekarar farko abu ne da aka saba ko ga haifaffun daji, kuma Jamus ma sai da ta yi asarar ɗaruruwa. Bambancin shi ne Jamus tana da dubban da za ta saka, kuma abin da ya kashe tsuntsuwar tun farko, wato bindiga, an kawar da shi. Mai ɗigo-ɗigo kuwa abokan gabanta biyu suna nan daram. Na farko saran tsohon kurmi. Aure guda yana bukatar daji mai faɗin gaske, inda ake samun wani irin kurege mai shawagi daga bishiya zuwa bishiya, wanda shi ne babban abincinta, kuma kurmin da aka sare ba ya komawa yadda take so sai bayan shekara fiye da 100. Na biyu wata 'yar uwarta ce, mujiya mai ratsi-ratsi, wadda ta taso daga gabashin nahiyar ta bazu zuwa yamma a cikin ƙarni na 20. Ta fi ta girma da faɗa, tana cin kusan komai, tana haihuwa da yawa, tana kuma korarta daga mazauninta. Lamarin ya kai ga a 2024 hukumar kula da namun daji ta Amurka ta amince da shirin harbe masu ratsi-ratsi har kimanin 450,000 cikin shekara 30 a jihohin Washington da Oregon da California. Mutum ya ɓata daji, sannan ya ɗauki bindiga ya kashe mujiya don ya ceci mujiya. Duk wanda ke son tsuntsayen nan, wannan labari ba zai yi masa daɗi ba, ko da ya yarda babu wata mafita.

Inda nake ganin laifi shi ne wajen masu mulki. Amurka ta sa mai ɗigo-ɗigon a jerin masu fuskantar barazana tun 1990, ta kuma taƙaita sara a dazukan gwamnati da wani shiri a 1994. A Kanada an dakatar da sara a kwaruruka biyu na yankin Spuzzum a 2021, bayan al'ummar wurin sun matsa. Amma a 2023, da ministan muhalli Steven Guilbeault ya kai shawarar a kafa dokar gaggawa don kare sauran mazaunin tsuntsuwar, majalisar ministoci ta ƙi. Wurin kiwo abu ne mai kyan gani a hoto, kuma kuɗinsa bai kai na hana kamfani saran katako ba. Haɗarin shi ne a riƙa nuna tsakon da ke cikin injin a matsayin shaidar ana aiki, alhali dajin da za a kai shi yana tafiya a bayan manyan motoci. Ma'aikatan da ke kwana a gaban injin sun yi nasu. Lokaci kawai suke saya wa tsuntsuwar, kuma ba su ne ke da ikon cewa a ajiye zarto ba.

Mu a nan ba mu da wurin kiwo irin na Langley, amma farar mujiyar da Birtaniya ta yi ta fama a kanta ita ce dai ke haihuwa a silin ɗin makarantunmu da masallatai da tsofaffin ofisoshi da kogunan kuka. Hucin da akan ji da dare daga rufi, wanda wasu ke dangantawa da maciji ko iskoki, sau da yawa 'ya'yanta ne ke kiran abinci. Mun gaji tsoronta, ana jifanta, ana kai ta kasuwa wajen masu magani, alhali babba guda tana cin ɓera uku ko huɗu a dare, kuma gida mai 'ya'ya biyar sai an ninka wannan sau da yawa, daga cikin ɓerayen da ke cin hatsinmu.

Idan ka tarar da 'ya'yan mujiya a rufin gidanka ko na makarantarku, ka bar su inda suke. Cikin wata biyu za su tashi, sannan ka toshe ramin idan ba ka son su dawo. Idan ɗaya ya faɗo, ka sa tsumma ka ɗauke shi ka mayar da shi ramin kafin magariba, domin farar mujiya ba ta cika ciyar da wanda ke ƙasa ba, kuma taɓawar hannunka ba za ta sa uwar ta ƙi shi ba. Kada a ba yara shi su ɗaure da zare, kada a sa shi a keji ana ba shi tsoka ko tuwo. Kuma muddin suna rufin, a dakata da zuba maganin ɓera a gidan.